Ɗalibin da ya zo karatu baƙon zango ne, ina masu masaukinsa?

Duk lokacin da jami'o'in ƙasar nan suka buɗe sabuwar shekarar karatu, akwai wasu baƙi da ke shigowa garuruwanmu waɗanda ba kasafai ake lura da su ba. Samari ne da 'yan mata daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya, wasu kuma daga Yamai da Maraɗi da Damagaram, waɗanda iyayensu suka tattara ɗan abin da Allah Ya hore musu suka turo su neman ilimi a nan Gana. Wasu ta Aflawo suke shigowa bayan sun keto Kwatano da Lome, wasu ta Paga, masu hali kuma su sauka a filin jirgin sama na Ankara. Hausa suke ji, alƙiblarmu ɗaya, da yawansu ma idan aka bi salsala za a tarar garin da suka fito shi ne garin da kakanninmu suka baro. Amma abin mamaki, sai yaro ya yi shekara huɗu a Legon, tsakaninsa da Madina tafiyar 'yan mintoci ce a torotoro, har ya gama ya koma gida bai taɓa cin tuwon gidan kowa a zango ba.

Wannan shi ne abin da muke so mu tattauna a wannan fili yau, kuma ba za mu ɓoye ra'ayinmu ba. Ɗalibin da ya zo karatu garinmu baƙon zango ne, saukarsa haƙƙi ne a wuyanmu, kuma lokaci ya yi da iyayenmu sarakunan zango da limamai da ƙungiyoyin mata za su tsara wannan aiki yadda ya kamata, maimakon a bar shi a hannun sa'a, wato wanda Allah Ya haɗa da mutumin kirki ya tsira, wanda ya faɗa hannun macuci kuwa ya ji a jikinsa.

Sunan unguwanninmu kaɗai ya isa ya tuna mana da wannan nauyi. Zango dai wurin da ayari ke sauka ne ya huta. Lokacin da fatake ke tasowa daga ƙasar Hausa a bayan madugu su nufo Gwanja sayen goro, babu falken da ke shiga Salga ya kwana a kasuwa. Kowa da mai gidansa. Mai gida ne zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya yi masa tafinta, ya tsaya masa idan za a ba da bashi, sannan ya karɓi la'adarsa. Idan baƙo ya kwanta ciwo mai gida ne mai jinya, idan ta Allah ta kasance shi zai yi masa sutura ya riƙe dukiyarsa har magada su zo. Da yaƙin basasar Salga ya watsa jama'a a 1892, da wannan al'ada suka tafi Kete Karachi da Yeji da Kumasi da Ankara. A kanta Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, a filin da ya samu daga hannun sarakunan Ga. Ita ce kuma wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta tarar tana aiki a tsakanin masu gida da dillalan shanu na Kumasi, har ta yi rubutu a kai a 1966.

Kada kuma a ɗauka 'yan kasuwa kaɗai aka sauka. Alhaji Umaru, babban malamin nan da aka haifa a Kano, wanda ya zauna a Salga sannan ya koma Kete Karachi har ya rasu a can a 1934, shi ma baƙo ya zo. Yau babu mai ba da tarihin ilimin Musulunci a ƙasar nan ya tsallake sunansa. Almajiran da suka riƙa zuwa ɗaukar karatu wurinsa da wurin sauran malaman zango daga garuruwa masu nisa, a zaurukan mutane suka kwana, matan unguwa suka ciyar da su. Ashe ke nan saukar mai neman ilimi gadonmu ne. Abin da ya canza kawai shi ne, na da allo da gafaka ya zo da su, na yau kuwa takardar shiga jami'a da kwamfuta.

To, me ke kawo su? Ɗalibin Nijeriya yawanci yajin aiki ne ya koro shi. Malaman jami'o'in gwamnati a can sun yi wata tara ba sa koyarwa a 2020, suka sake yin wata takwas a 2022. Uban da ya ga karatun shekara huɗu yana neman zama shida, idan yana da gona ko fili sai ya sayar ya turo ɗansa inda zai san ranar gamawa. Na Nijar kuwa galibi Turancin Ingilishi ya zo nema, ko dai a Cibiyar Koyar da Harsuna ta Gana ko a makarantun kuɗi da suka cika Ankara, domin ya haɗa da Faransancin da yake da shi. Wasu kuma sunan makarantun ne ya jawo su, irin su Jami'ar Gana da aka kafa a 1948, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ta fara a matsayin kwaleji a Kumasi a 1952, da ta Kef Kos, da ta Tamale.

Mun sha jin mutanenmu suna cewa ai waɗannan 'ya'yan masu kuɗi ne, ba su buƙatar kowa. Akwai masu kuɗin a cikinsu, babu musu. Sai dai a tuna cewa da dalar Amurka ake yanka wa ɗalibi baƙo kuɗin makaranta. Dalar da ake saya a kan naira 460 da 'yan kai a farashin hukuma a farkon 2023, ta haura naira 1,500 a watan Fabrairun 2024. Uban da ya yi lissafin shekara huɗu ya wayi gari kuɗin sun ninka sau uku, alhali albashinsa yana nan inda yake. A nan gida kuma hauhawar farashi ta wuce kashi 54 cikin 100 a Disamban 2022. Saboda haka yaron da aka gani da riga mai guga da waya a hannu, ba mamaki garin rogo da suga ya sha ya kwanta. Kunya ce da gudun zubar da mutuncin iyaye ke hana shi faɗa. Ko wanda aljihunsa ke cike ma, kuɗi ba sa gaya wa mutum wane lungu ne ba a bi da dare.

Matsala ta farko da ke tarar ɗalibi ita ce ɗaki. Ɗakunan kwanan jami'o'inmu ba sa isar 'yan ƙasa ma, balle baƙi, don haka da yawa sai su fita neman haya, a Ankara su nufi Madina da Hatso da kewayensu, a Kumasi kuwa Ayeduwase da Kotei da Bomso da Ayija. A nan ne baƙo ke fara gamuwa da abin da mu muka saba da shi har ya daina ba mu mamaki, wato adibas na shekara ɗaya ko biyu. Dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar kuɗin gaba fiye da na wata shida, kuma akwai ofishin gwamnati mai kula da sha'anin haya da ake kai ƙara, amma wane baƙo ne ya san da wannan? Dillali zai karɓi kuɗin ganin ɗaki tun kafin ya nuna ƙofa, ya sake karɓar kasonsa idan an daidaita. Wani ma ɗakin da ba nasa ba zai nuna, ya karɓi kuɗin mutum biyu ko uku, ya kashe waya. Yaron da aka yi wa haka a makonsa na farko, da wace zuciya zai zauna a aji?

Akwai kuma abubuwan da ido ba ya gani sai ɗan gari ya faɗa. Ɗakin da ya yi kyau da rani, wataƙila a bakin kwata yake ko a gangaren da ruwa ke bi ya faɗa rafin Odo. Mu da muka ga daren 3 ga Yunin 2015, lokacin da ambaliya da gobarar gidan mai suka haɗu a shataletalen Kwame Nkrumah aka rasa rayuka sama da 150, ba ma buƙatar a gaya mana abin da ruwan Ankara ke iya yi. Ɗan gari ne ya san ya dubi bango ya ga inda ruwan bara ya tsaya. Shi ya san ya tambayi kwana nawa famfo ke zuwa a mako, da ko mita ɗaya ce gidan duka ke sa wa kati, da ko akwai bayan gida a ciki ko sai an bi layi a na unguwa. Tambayoyi ne na minti biyar, amma rashin yin su na iya jawo wahalar shekara biyu, tunda kuɗi sun riga sun shiga hannun mai gida. Da ɗan gari akan ci gari, in ji masu iya magana.

A nan dole mu faɗa wa wasu masu gidaje na cikin zango gaskiya, ko da za ta yi ɗaci. Akwai waɗanda da zarar sun ji Hausar yaro ta Kano ce ko ta Maraɗi, sai kuɗin ɗaki ya tashi, a ce ai mai naira ne ko mai sefa. Alhaji, kakanka da ya sauki falke la'ada ya ci a kan cinikin da ya kammala, bai tatsi baƙo don ya ga bai san gari ba. Babu wanda ya ce a ba da ɗaki kyauta, gida dukiya ce kuma da kuɗi aka gina shi. Abin da muke roƙo shi ne farashi ɗaya ga ɗan gari da baƙo, da yarjejeniya a rubuce gaban shaidu, da rasit a kan kowane sidi da aka karɓa. Wanda ya sassauta ya karɓi na wata shida kamar yadda doka ta ce, ya bi doka kuma ya sami lada.

Matsala ta biyu ta fi ta ɗaki muni, domin ita sai bayan shekaru ake gane ta. Ba kowace makaranta mai babban allo a bakin titi ce hukuma ta amince da ita ba. Hukumar da ke kula da manyan makarantu a ƙasar nan, wato GTEC, wadda aka kafa a 2020 bayan an haɗe tsofaffin hukumomi biyu, ita ke tantance makaranta, ta kuma tantance kowane fannin karatu da makarantar ke koyarwa. Yana yiwuwa makaranta tana da rajista amma fannin da yaro ya shiga ba shi da ita. Idan ba a manta ba, a watan Janairun 2024 gwamnatin Nijeriya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya fallasa yadda ya sami digiri a Kwatano cikin 'yan makonni. Tun daga lokacin ake sa ido sosai a kan duk takardar da ta fito daga maƙwabta. Yaron da ya koma gida da takardar da ba a karɓa, ya yi asarar kuɗin ubansa da shekarun ƙuruciyarsa gaba ɗaya. Bugu da ƙari, jaridun ƙasar nan sun sha kawo labarin matasa daga ƙasashen yankinmu da aka yaudaro da sunan karatu ko aiki, aka tara su a gida ɗaya ana matsa musu su kira 'yan'uwansu su turo kuɗi. Duk wanda ɗan'uwa ya bugo masa waya daga gida ya ce zai turo ɗansa, abu na farko shi ne ya taka da ƙafarsa ya ga makarantar, sannan ya sa wani yaro mai ilimi ya duba sunanta da fannin a jerin hukuma, kafin a biya ko sisi.

Ta uku ita ce takardun zama. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shigowa ba tare da biza ba ya yi kwana 90. Kwana 90 ba su kai ko zangon karatu ɗaya ba. Wanda zai zauna karatu dole ya nemi izinin zama daga hukumar shige da fice da wasiƙar makarantarsa, ya kuma yanki katin shaida na baƙi, wanda ake sabuntawa, wanda kuma sai da shi ake buɗe asusun banki da rajistar layin waya. Yara da yawa suna sakaci da wannan saboda sun ga babu mai tare su a hanya, sai ranar komawa hutu su gamu da tara a bakin iyaka. Ɗaliban Nijar kuma suna da ƙarin dalilin yin hattara, tunda ƙasarsu tare da Mali da Burkina Faso ta fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025. A lokacin ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfonsu har sai an ji sanarwa ta gaba, kuma abin da aka rataya a kan sanarwa ta gaba ba abin jingina ba ne.

Babu al'ummar da ta fi mu sanin darajar takarda. Dattawanmu suna nan da ransu waɗanda suka ga abin da ya faru bayan 18 ga Nuwamban 1969, ranar da gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da izinin zama mako biyu ya bar ƙasa. Mutanen da aka haifa a zango, waɗanda ba su taɓa ganin garin kakanninsu ba, suka sayar da gidaje a wulaƙance suka hau manyan motoci. A 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin wannan a Nijeriya, 'yan Gana kusan miliyan guda suka dawo gida da kayansu a ka. Muna fatan Allah kada Ya maimaita, amma wanda ya ga wannan bai kamata ya zuba ido ɗan baƙonsa yana yawo da fasfo da hatiminsa ya mutu ba.

Sauran abubuwan ƙanana ne, amma su ne ke sa gari ya yi wa mutum daɗi ko ya gundure shi. Tun 2007 aka cire sifili huɗu daga sidi, amma har gobe akwai 'yan kasuwar da za su ce maka miliyan ɗaya suna nufin sidi 100. Baƙo ya ji haka sai ya ruɗe, ko ya gudu ko a cuce shi. Haka nan 'yan damfarar kuɗin waya, masu bugowa su ce sun yi kuskuren turo maka kuɗi ka mayar musu, sabon zuwa suka fi kamawa. Yaron motar torotoro da hannu yake nuna inda ya dosa, sai an koya wa mutum. A wajen abinci kuwa, a gaya wa yaro inda zai ci hankalinsa kwance da inda zai yi tambaya game da nama, domin a ƙidayar 2021 Musulmi kusan kashi 20 cikin 100 ne, Kiristoci kuma kashi 71. Juma'a ranar aiki ce, yana iya samun darasi daidai lokacin huɗuba, sai ya san masallacin da ya fi kusa da ajinsa. A kuma sanar da shi cewa kafin bikin Homowo sarakunan Ga sukan hana kiɗa da hayaniya na kusan wata guda, har lasifikar waje ta masallaci da coci abin yana shafa. Mu da muka zauna lafiya da masu ƙasa shekara da shekaru mun san yadda ake mutunta wannan.

Abin farin ciki shi ne, babu ɗalibin da ya kamata ya yi kewar abincin gida a Gana. Koko da ƙosai da ake layi a kansu kowace safiya, da wake da shinkafar da duk ƙasa ke kira wace, da tuwon zafi, da fura, da tsire, duk daga madafan iyayenmu mata na zango suka fita suka game ƙasa. Amma kwanon da aka saya a bakin titi daban yake da wanda Hajiya ta zuba ta ce zauna ka ci, ɗana. Kewa ciwo ce da ba a gani. Yaron da bai taɓa yin azumi nesa da uwarsa ba, ya sha ruwa shi kaɗai da burodi a ɗakin haya, ya yi sallar idi ya dawo ya rufe ƙofa, ba abin mamaki ba ne idan ya faɗa hannun abokan banza, domin su ba sa jira a gayyace su. Idan zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi, wa zai kai shi asibiti ya kwana a kansa? 'Ya mace kuma lamarinta ya fi buƙatar kulawa. Tana buƙatar uwa a gari, wadda za ta iya gaya wa abin da ba za ta gaya wa malami ko ɗan ajinsu ba, wadda kuma duk mai niyyar banza zai san cewa yarinyar nan tana da mutane.

Wani zai ce, namu 'ya'yan ma ba su samu shiga jami'a ba, ina mu ina ɗawainiyar na wasu? Tambaya ce mai nauyi, kuma amsarta tana cikinta. Tun da aka fara karatun babbar sakandare kyauta a 2017, yaran zango da ke kaiwa matakin jarrabawar ƙarshe sun ƙaru, amma da yawansu lissafi da kimiyya ke kayar da su, kuma iyaye ba su da kuɗin malamin gida. Ga ɗalibin injiniya ko na likitanci yana kwana a bayan gidanmu. Idan mun ba shi tuwon dare da mutunci, zai ƙi zama da ƙannensa awa biyu ranar Asabar? Yarinyar Nima ko Aboabo da ta ga wata mai hijabi irinta, mai jin Hausa irinta, tana karatun haɗa magunguna, wa'azin da wannan zai yi mata ya fi na bakinmu. Har ila yau, yaranmu suna jin Hausa amma kaɗan ne ke iya rubuta ta, ga kuwa waɗanda suka karanta ta a makaranta sun zo har gida. Gobe kuma waɗannan ɗalibai su ne likitoci da manyan ma'aikata a Kano da Yamai, inda 'yan kasuwarmu ke zuwa. Alheri danƙo ne.

Wani kuma zai ce ai a cikinsu akwai ɓata-gari, masu fakewa da karatu suna damfara ta intanet. Akwai su, kuma ba mu ce a rufe ido ba. Tsarin mai gida ma ai maganin wannan ne, domin baƙon da aka san makarantarsa da iyayensa da mai tsaya masa ya fi wuyar ɓacewa cikin duhu. Sannan mu tuna yadda muke ji idan aka ambaci sakawa ko 'yan bangar siyasa sai a waiwayo zango, alhali mafi yawanmu ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Wanda aka yi wa kuɗin goro ya ji zafi, bai kamata ya yi wa wani ba.

Sai dai saukar baƙo ba tana nufin a tsare shi a cikin zango ba. Iyayensa ba su biya dala don ya zo ya zauna a majalisar shayi daga la'asar zuwa tsakar dare ba. Mai masauki na gari shi ne wanda zai tura yaro ɗakin karatu, ya haɗa shi da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta GMSA da ofishin kula da ɗalibai baƙi na makarantarsa, ya kuma ƙarfafa masa gwiwa ya yi abota da Asante da Ga da Ewe da Dagomba. Zaman tare da mabiya wani addini darasi ne da Gana ke iya koyar da shi wanda babu shi a manhaja. Lokacin da Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya ziyarci cocin Katolika na Christ the King a Ankara a bikin Ista na 2019, duniya ta yi mamaki, mu kuwa mun san haka muke zaune. Yaron da ya koma gida da wannan fahimta ya koma da abin da ya kai digirinsa daraja.

Ku kuma 'ya'yanmu ɗalibai, idan wannan shafi ya faɗo hannunku, ga taku. Zumunta a ƙafa take. Ku nemi masallacin zango mafi kusa, ku gaida liman, ku faɗi sunanku da garinku da makarantarku. Idan kun ji Hausarmu ta bambanta da taku, mun ce ya zo ga mace, ko mun cusa kalmar Asante a tsakiyar zance, kada ku yi dariya. Hausar nan ta yi fiye da shekara 100 a bakin teku da cikin kurmi ba ta mutu ba, mutanen da suka riƙe ta sun cancanci girmamawa. Ku koyi gaisuwa da harshen masu gari. Ku tuna izinin zamanku na karatu ne, kada ku buɗe shago a kasuwa, domin rikicin da ya sa aka rufe shagunan 'yan Nijeriya a Ankara da Kumasi a 2019 da 2020 ba a manta da shi ba. Ku nisanci siyasar ƙasar da kuka zo baƙunta. Gidan da aka ba ku tuwo kuma ku kiyaye mutuncin 'ya'yansa.

A ƙarshe, ga shawararmu ga shugabanni, kuma ba ta buƙatar a jira gwamnati ko wani asusu. Kowane zango da ke kusa da babbar makaranta, Sarkin Zango da liman su naɗa mutum uku ko huɗu amintattu, a cikinsu lalle a sami mace da kuma matashi mai ilimin zamani. A liƙa lambar wayarsu a ƙofar masallacin Juma'a, a kuma kai ta ga shugabannin ɗalibai. Su riƙe littafi mai sunayen masu gidajen da suka yarda da farashi ɗaya da rubutacciyar yarjejeniya. Su raka sabon zuwa ya ga ɗaki, su tuna masa da takardunsa kafin kwana 90 su cika, su karɓi lambar iyayensa. A farkon shekarar karatu liman ya yi sanarwa bayan sallah, gidajen da ke da hali kowanne ya ɗauki ɗalibi ɗaya da zai riƙa zuwa cin abinci ranar Juma'a da lokacin azumi da sallah. Wanda kuɗi suka yanke masa a tsakiyar karatu kuwa, malamanmu sun fi mu sanin cewa matafiyin da guzuri ya ƙare wa yana cikin mutum takwas da aka ambata a rabon zakka.

Kakanninmu da suka zo ƙasar nan ba su zo da takardar fili ba, wani ne ya buɗe musu ƙofa ya ce bismillah. Albarkacin wannan muke da gidaje da masallatai da makabartu a nan yau. Allah Ya ba shugabanninmu ikon ɗaukar wannan shawara, Ya ba ɗalibai sa'ar abin da suka zo nema, Ya mayar da su gaban iyayensu lafiya. Amin.